Kalma Ɗaya, Ma'ana Uku: Daga Allon Wasa Zuwa Teburin Kwastan

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin wannan mako daga Zangon Kumasi.

In ka ratsa Aboabo ko Asawase da yamma, wataƙila ka tarar da 'yan makaranta sun kewaye wani allo suna jera haruffan Turanci. Sunan wasan Scrabble. Kada ka ce wasan 'yan boko ne, ba ruwanka. Kai da ke koro shanu daga Paga, ko kake fito da kaya ta Aflao, akwai abin da za ka tsinta a ciki.

Ga yadda ake yinsa. Allon yana da gida 15 a tsaye, 15 a kwance. Ƙwayoyin wasan guda 100 ne, kowane harafi da makinsa. Kowa zai ɗebi bakwai ya haɗa kalma. Harafin da ya yawaita a Turanci, kamar A da E, maki ɗaya ne. Wanda ke wuyar samu shi ke da tsada: K maki 5, X da J maki 8, Q da Z maki 10. Kamar kasuwa dai, abin da ya yi ƙaranci shi ke daraja. Wani Ba'amurke, Alfred Butts, ya ƙirƙiro wasan a shekarun 1930. A 2015 kuwa ɗan Najeriya Wellington Jighere ya zama zakaran duniya a birnin Perth na Ostireliya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci wannan kambu.

To, ina naka a ciki? Kalmomin sana'arka duk suna cin maki. Cow saniya ce, maki 8. Ox shi ne san da aka dandaƙe, harafi biyu kacal amma maki 9. Ram rago, calf maraƙi, heifer karsana, herd garke. Zebu ita ce saniya mai tozo irin tamu, maki 15 saboda Z ɗin nan. Kola goro ne, wanda saboda shi kakanninmu suka yi ta takowa ƙasar Asante. Hatta kuɗin aljihunka ƙamus ɗin wasan ya karɓa: cedi, pesewa, naira da kobo. Sunan mutum ko gari ko ƙabila ba ya shiga wasa. Amma ewe tana shiga, don a Turanci tunkiya ke nan, ko da yake rubutunta ɗaya da sunan mutanen Ewe na wajen Aflao.

Nan ne muka zo kan maganar da ta sa muka ɗauko wannan batu. Mai wasan kalmomi ya saba da cewa kalmar Turanci ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana biyu ko uku. A kan allo, in ka kuskure, maki ka rasa. A bakin iyaka kuwa kuɗi ne, wani lokaci har dabba.

Ɗauki fine. In an gaishe ka kana cewa fine, wato lafiya lau. Amma in ka ga kalmar a takarda da lamba a gefenta, tara ce aka ci ka.

Ga duty. Jami'i zai ce yana on duty, wato yana bakin aiki. A rasit kuwa duty kuɗin fito ne na kwastan.

Ga charge. Cajin waya charge ne, kuɗin da aka yanka maka charge ne, tuhuma a gaban alƙali ita ma charge ce. In aka ce maka an yi charging ɗinka, tsaya ka tambaya, wanne daga ciki?

Pound ita ce mai fuska uku. Fam ne, kuɗin da Ghana ke kashewa kafin sidi ya fito a 1965. Ma'auni ne na mahauta, bai cika rabin kilo ba. Sannan wurin da hukuma ke tsare dabbar da ta bar garke ta shiga gona ko titi, shi ma pound ne. In takarda ta ce impounded, to an tsare dabbarka ko kayanka, sai ka bi ka karɓo.

Sai balance. A kasuwar Kejetia in ka ce a ba ka balance, canji kake nufi. A takardar ciniki kuwa balance ragowar kuɗin da ba a biya ba ne. Haka paid in full na nufin an biya duka, part payment kuma an ba da wani abu, saura na nan. Dillali, ka lura da wannan kafin ka sallami shanu.

Wata kuma permit, takardar izini. Tun 1998 ƙungiyar ECOWAS ta tanadi takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi, mai nuna yawansu da rigakafinsu da hanyar da za su bi. Mai riƙe da ita ya kamata ya san abin da ke rubuce a kai.

Shawararmu ita ce, kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Ka sa yaronka ko wani amintacce ya karanta, ka tambaye shi ma'anar kalmar a nan wurin, don wadda ka saba ji a hira ba lallai ita ce a takarda ba. Tambaya ba ta rage girman dattijo. Da dare kuma, in an zauna shan shayi, ka ce yara su koya maka kalma biyar, kai kuma ka gaya musu bambancin karsana da saniya. Ba sai da allon kanti ba, kwali da almakashi sun isa.

Ga na gida kafin mako mai zuwa. Wace kalmar Turanci ce mai harafi uku, da ita ake rubutu, kuma a cikinta ake kulle awaki? Za mu faɗi amsar a shiri na gaba. Allah Ya tsare hanya, Ya ba da kasuwa.