Kafin ka sayi sabon kwayil, a duba maka filogi

Duk direban tasi a Kumasi ko Accra ya san wannan ciwon: ka tsaya a danja injin ya kama rawa, ka taka totur mota ta dinga shaƙewa, ga mai na tafiya kamar an huda tanki. Kana isa gareji a ce kwayil ne, je ka Suame Magazine ko Abossey Okai ka sayo huɗu.

To, a bi a hankali. A mota irin Toyota Corolla, kowace silinda da nata kwayil, yana zaune a kan filogi. Idan filogi ya tsufa bakinsa na cinyewa, tazarar da wuta ke tsallakawa ta ƙaru, kwayil ya yi ta wahala har ya ƙone. Ka ɗora sabo a kan tsohon filogi, shi ma ba zai daɗe ba, kuɗinka sun tafi a banza.

Makaniken kirki ba ya aiki da zato. Zai musanya kwayil ɗin da ake zargi da na wata silinda; in matsalar ta bi shi can, shi kaɗai za a canza. Filogi kuwa duka huɗun ake sauyawa, kuma sai injin ya huce, don kada zaren ya lalace.

Abin da ake yawan mantawa: motar da ta zo daga Amurka mil take ƙirgawa. In agogonta ya nuna 100,000, ta ci kilomita 160,000 ke nan, wataƙila ma da filogin da ta baro kamfani da shi.