Man Giya Shi Ne Ran A-Kori-Kura Ta Zamani

Duk wanda ya ga zamanin a-kori-kurar Peugeot, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975, ya san direba da aiki uku: ƙafar hagu bisa kuloci, hannu bisa giya, kunne kuwa wajen kukan inji. Yau ga shi ofisoshi da 'yan kasuwa sun koma sayen mota mai canza giya da kanta, wadda direbobi ke kira otomatik. Muna ta jin ƙorafi a kanta, wai ba ta da ƙarko, wai in akwatin giyarta ya lalace sai an sayar da gona. Gaskiya ne gyaransa da tsada. Amma mun lura yawancin akwatunan da ke mutuwa a hannunmu mai ne ke kashe su, ko dai ya tsufa, ko ya ƙone, ko kuwa tun farko ba irinsa aka zuba ba.

Bari mu fara da yadda abin ke aiki, gama sai mutum ya san aikin mai sa'an nan zai ga dalilin tsadarsa. A tsakanin inji da akwatin giya akwai wani rufaffen ƙoƙo na ƙarfe cike da mai, da fukafukai biyu suna fuskantar juna a ciki. Malamin makaranta na iya gwada wa yara misalinsa da fanka biyu: in ya kunna ɗaya, iskarta za ta juya ɗayar ko da ba a kunna ta ba. To, a mota mai ne a madadin iska. Cikin akwatin kuma akwai famfo mai tura man ta ƙananan hanyoyi, ya matse waɗansu siraran faya-fayai, su ne ke kama wannan giya su saki waccan, bisa umurnin wata 'yar kwamfuta. Watau aiki huɗu ke kan man nan: shi ke kai ƙarfin inji ga ƙafafu, shi ke matse faya-fayai, shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe, shi ne kuma ke kwashe zafi.

Wannan dabara ta daɗe. Kamfanin General Motors na Amurka ya fito da ita a 1939 cikin motocin Oldsmobile, da giya 4, ya sa mata suna Hydra-Matic. Yanzu akwai mai giya 6, da mai 8, har da mai 10, wadda Ford ya sa wa F-150 a 2017. Ko wane sabon akwati ya fi na baya ƙananan hanyoyi, saboda haka ya fi shi tsantseni wajen mai. Shi ya sa ko wane kamfani ya ke da nasa: Dexron na General Motors tun 1967, Mercon na Ford tun 1987, Toyota kuwa yana da wanda ya ke kira WS. Ko da launinsu ya zo ɗaya, kaurinsu da santsinsu sun bambanta.

Ga labari biyu daga Amurka, inda a-kori-kura ta fi yawa, kuma daga can a ke kawo mana tsofaffin motoci da dama ta Ikko da Kwatano. A motocin Nissan Frontier na 2005 zuwa 2010, bututun da ke sanyaya man giya yana cikin lagireto. Ya kan tsage, ruwan lagireto ya gauraya da man, ya koma kamar koko, faya-fayai su jiƙe su saɓule. Har sai da kamfanin ya ƙara wa'adin lamunin gyara a kan wannan. Waɗansu motocin Chevrolet masu giya 8 kuma, na 2015 zuwa 2019, sun riƙa karkarwa a tafiya kamar an hau hanya mai gargada. Maganin da kamfanin ya fara ba garejinsa shi ne a wanke tsohon man sarai a zuba wani sabon iri.

Ba mu ce ko wace ɓarna daga mai ta ke ba. A 2019 Ford ya kira motocin F-150 kusan 1,500,000, ƙirar 2011 zuwa 2013, domin a kan yi ana cikin gudu sai akwatin ya faɗa giya ta ɗaya ba zato. Laifin yana ga saƙon da na'urar auna gudu ke aika wa kwamfuta, aka kuwa gyara shi ta sake tsarin kwamfutar. Irin wannan aibi ne na masana'anta, ba yadda mai mota zai yi ya hana shi. Na mai kuwa yana hannunmu.

Babban abokin gaban man giya zafi ne. Ya fi son ya yi aiki a wajen digiri 80, kuma ƙa'idar da makanikai ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 ko 11 bisa wannan yana rage rabin kwanan man. To, a duba halin motocinmu. Da bazara zafin Sakkwato ko Maiduguri ya kan wuce digiri 40 a inuwa. A lafta wa mota buhuna fiye da ƙima, a shiga rairayi da ita, ta kafe, direba ya yi ta kai gaba yana komowa baya har man ya dahu. Da damina kuma a ratsa rafi, ruwa ya shiga ta 'yar ƙofar da akwatin ke shan iska. Waɗansu kamfanoni sun ce mansu ba ya bukatar canji, amma in aka karanta littafin motar da kyau, galibi za a tarar an ware mota mai jan kaya da mai aikin wahala, an ce a canza nata a tsakanin kilomita 60,000 da 100,000. Kusan duk a-kori-kurar da ke ƙasar nan cikin wannan kashi ta ke.

Akwatin giya kan ba da alama kafin ya mutu. Lafiyayyen mai galibi ja ne garau. In ya yi baƙi yana ƙauri, ya ƙone. In ya yi fari-fari, ruwa ya shiga, kada a ƙara tuƙa motar. In an sa giya ta yi jinkirin kamawa, ko inji ya yi ta kuka mota ba ta ƙara gudu, ko ta riƙa fizga wajen canji, ko a ga jan ɗigo inda ta kwana, to, a nufi gareji tun ɓarnar ba ta yi nisa ba. Sababbin Hilux ba su da sandar awon man giya, sai makaniki ya auna ta ƙasa, mota na kan daidai, man kuma ya kai zafin da aka ƙayyade. Ragi illa ne, ƙari ma illa ne, domin man da ya yi yawa kumfa ya ke yi.

Wajen canji a san cewa in an kwance kwanon ƙasa, abin da ke zuba ba ya wuce sulusi ko rabi, sauran na cikin ƙoƙon nan. Saboda haka ya fi kyau a riƙa canzawa a kai a kai, tare da matatar man inda ta ke da ita. A sayi irin da littafi ya ambata, cikin rufaffiyar galan, a wurin wanda aka amince da shi, gama araha ba ta ado. Direba kuma ya tsaya cik kafin ya koma baya, ya ja birkin hannu kafin ya sa P. Kada a ce za a ta da irin wannan mota da turi, kada kuma a ja ta da igiya tafiya mai nisa, domin in inji ba ya aiki famfo ba ya tura mai.

Daga ƙarshe muna jan hankalin akawuna masu riƙe da littafin motocin ofis. A buɗe shafi na musamman domin man giya: ranar da aka canza, kilomitar da agogo ya nuna, sunan man, da wanda ya yi aikin. Direbobi na sauyawa, shugabanni na sauyawa, littafin ne kaɗai zai tuna. Motar nan dukiyar jama'a ce, ita ke kai magani asibitin ƙauye, ita ke kai littattafai makaranta, ranar da ta kwanta kuwa talaka ne ke jira. Kuɗin man da za a zuba mata bai kai kusa da kuɗin sabon akwati ba, rigakafi kuwa ya fi magani. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.