Raguwar Su na Hunturu da Yaɗuwar Kifin Ƙanƙara a Bauchi

A ƙasashen da sanyi yake daskarar da tafkuna, irin su Kanada da Rasha, masunta kan huda ƙanƙara su zura taru ta ƙarƙashinta. A ƙasar Bauchi kuwa, hunturu janye ruwa yake yi, ya bar tarwaɗa da ƙarfasa da gaiwa a cunkushe cikin guraben fadama, shi ya sa daga Disamba har zuwa bazara ake yin su, wato kamun kifi na gayya da koma da gora, wanda akasarin abin da aka samu a tukunyar gida yake ƙarewa.

Wannan sana'a tana ja da baya, kuma babban dalili shi ne ruwan da kansa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da take kai kifi fadamun Haɗeja da Nguru domin ya hayayyafa, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Kogin Jama'are na ƙasar Bauchi bai gamu da irin wannan ba tukuna, saboda aikin madatsar Kafin Zaki da aka tsara a kansa ya daɗe da tsayawa. Sai dai ba za a ɗora wa madatsu laifin duka ba, domin da ikon sarkin ruwa ya raunana, shi da yake hana shiga gurbi kafin ranar da aka tsayar, sai raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, ta shiga kwashe 'ya'yan kifi tun ba su yi ƙwai ba.

A birnin Bauchi, magidanci a unguwa irin Fadaman Mada ya fi samun kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje, ko tarwaɗar kiwo, duk da cewa ana kamun kifi a madatsar Gubi da kogin Gongola wajen Dindima. Kifin ƙanƙara yana samuwa rani da damina, wanda su na hunturu bai taɓa iya yi ba, amma farashinsa yana bin canjin dala da kuɗin man janareto, saboda haka talakan da a da yake samun kifi da ƙarfinsa yanzu sai da kuɗi a hannu, kuma idan naira ta faɗi, kifi yana cikin abubuwan farko da ake cirewa daga cefane.