Sankarar tumbi: wane awo ya dace da dangin maras lafiya?

Idan likita ya ce wani a gidanmu yana da sankarar tumbi, hankalin kowa yakan koma kan maras lafiya. Ana jinya, ana neman kuɗin magani. Amma akwai tambayar da muke mantawa da ita: mu danginsa fa, ina matsayinmu?

Tumbi shi ne jakar da abinci ke sauka a ciki bayan mun haɗiye. Sankara, wadda wasu ke kira ciwon daji, mugun tsiro ne da ke fitowa a jikin wannan jaka. A shekarar 2022, kusan mutum miliyan 1 ne suka kamu da ita a duniya, fiye da 600 000 suka rasu. Mugun halinta shi ne tana farawa shiru. Sau da yawa sai ta yi nisa kafin mutum ya je gidan likita.

Me ya sa dangi?

Sankara ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Kada mu guji maras lafiya. Amma likitoci sun lura cewa wanda uwarsa, ko ubansa, ko ɗan uwansa na ciki ɗaya ya yi wannan ciwo, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane sau 2 ko 3.

Dalili na farko shi ne gado na jini. Na biyu shi ne cimar gida ɗaya, musamman mai yawan gishiri da banda. Na uku, wanda ya fi girma, wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori. Likitoci biyu na ƙasar Ostiraliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ta a 1982. A 1994 masanan Ƙungiyar lafiya ta duniya suka sa ta cikin abubuwan da ke jawo sankara. Tana shiga jiki tun ƙuruciya, ta miyau, ko ruwa maras tsabta, ko hannun da ba a wanke ba. Shi ya sa takan zauna cikin iyali guda. Yawancin masu ɗauke da ita ba sa jin kome. Wasu tana sa musu gyambon ciki. Kaɗan daga ciki, bayan shekaru masu yawa, sai ta kai su ga sankara.

Awo iri uku

1. Awon jini. Yana da sauƙi. Amma yana nuna cewa ƙwayar ta taɓa shiga jiki ne kawai. Ba ya tabbatar da ko tana nan har yanzu.

2. Awon bayan gida ko na numfashi. Babu zafi. Suna nuna ko ƙwayar tana cikin tumbi a yau. Sai dai mu faɗa wa likita magungunan da muka sha kwanan nan, domin wasu suna ɓoye ta.

3. Awon tiyo, wanda likitoci ke kira fiburoskofi. Mutum zai kwana bai ci kome ba. Za a fesa masa magani a maƙogwaro, a zura siririn tiyo mai fitila ta baki har tumbi. Aikin ƴan mintoci ne. A manyan asibitoci ake yin sa.

Wanne za mu zaɓa?

Da yawa daga cikinmu za su ce a ba su mai sauƙi. Tiyo yana ba mutane tsoro, ga tsada, ga tafiya zuwa birni. Wasu kuma sun fi son kada su sani. Mun fahimci wannan. Amma mu gane abu guda: aikin awon nan ba ɗaya ba ne. Awon bayan gida yana neman ƙwayar da ke jawo ciwo. Awon tiyo shi ne ke ganin ciwon kansa, tun yana ƙarami, lokacin da ake iya cire shi mutum ya warke. A ƙasar Koriya ta Kudu, inda ciwon ya yi yawa, ana kiran duk mai shekara 40 zuwa sama ya yi awon tumbi kowace shekara 2. Wannan ya ceci rayuka masu yawa.

Saboda haka, matashin da ba ya jin kome yana iya farawa da awon ƙwayar. In an same ta, akwai magani na kwana 10 zuwa 14. A shanye shi duka, kada a tsaya a rabi. Wanda ya kai shekara 40, ko wanda mutum biyu a danginsa suka yi ciwon, ya tambayi likita batun tiyo.

Alamun da ba a jira da su

Ciwo a bakin ciki wanda ya ƙi wucewa, ƙoshi bayan loma kaɗan, rama ba dalili, yawan amai, aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta. Mai ɗaya daga cikin waɗannan ya tafi gidan likita nan da nan. Jiƙon kanwa da ƙwayoyin ƴan talla suna kwantar da zafi, amma ciwon yana ci gaba a ɓoye.

Shawararmu

Mu rage gishiri, mu bar taba da giya, mu ci ganye da ƴaƴan itace. Mu wanke hannu da sabulu kafin mu sa shi a ƙwarya. Iyaye mata su daina tauna wa jarirai abinci. Idan kaka ta yi, an sayar da amfanin gona, iyali su zauna su ware kuɗin awo, su fara da manyan gida. Kuma duk lokacin da muka je gidan likita, mu faɗa a fili cewa wani namu ya yi sankarar tumbi. Wannan magana ita ce za ta nuna wa likita awon da ya dace da mu.

Manomi ba ya barin ƙuduji ya cinye gona kafin ya cire shi. Mu yi wa jikinmu haka.