Ranar Da Na Raka 'Ya'yan Ƙanena Taron Masoya Labaran Sararin Sama

Wannan watan zan ba ku labarin wata tafiya da na yi tun shekarar 2017, wadda har yau nake juya ta a raina, musamman ganin yadda iyalanmu suka warwatsu a 'yan shekarun nan.

A watan Fabrairu na shekarar, bayan mun gama sayar da riɗi a kasuwar Gadarif, na tashi daga Galabat zuwa umara, na sauka gidan ƙanena a Jidda. Yana da yara uku, duk a can aka haife su. Babbar tana da shekara 14, tana jin Hausa amma ba ta mayarwa, ƙananan kuwa ko gaisuwa sai an tuna musu. Kwanana huɗu a gidan, ban da "sannu Baffa" babu abin da ya haɗa ni da su. Kowa ya duƙufa kan wayarsa.

Rana ta biyar sai na ji gardama ta kaure tsakanin yarinyar da mahaifinta. Ashe wani taro ne za a yi na kwana uku, wanda ake kira Comic Con, kuma shi ne na farko irinsa a ƙasar Saudiyya. Taro ne na masoya ƙagaggun labaran kimiyya, wato labaran jiragen sararin sama da mutum-mutumi da zamanin da bai zo ba tukuna, tare da littattafan zane da finafinansu. Uban ya ce shirme ne, ba inda za ta. Ni kuwa da na ga idonta ya cika da hawaye sai na ce, "Ƙyale su, ni zan kai su." Ya dube ni ya ce, "Yaya, kai da ko telebijin ba ka kallo?" Na ce ai shi ya sa zan je in gani da idona.

Mun tarar da layi mai tsawo a ƙofa, maza da ƙofarsu, mata da tasu. A ciki kuwa, abin sai wanda ya gani. Samari sun yi shigar jaruman da suke ƙauna, wani da hular ƙarfe, wani da takobi mai haske irin na fim ɗin Star Wars, wani ya rufe fuska ƙirin. Da farko na tsorata, amma da na natsu sai na tuna tashe, yadda yaranmu kan shafa gawayi su ɗaura tsumma cikin watan azumi su bi gida-gida suna ba mutane dariya. Bambancin kawai shi ne waɗannan sun kashe kuɗi a kan kayansu. Daga baya wasu a ƙasar sun yi suka kan taron, kuma kowa da ra'ayinsa. Ni dai abin da na gani yara ne da iyayensu suna sayen littattafai, suna kallon masu zane na aiki.

Abin da ya sauya mini tafiyar ya faru ne a gaban wani tebur. Na hango hoton Girandaiza, mutum-mutumin nan mai ƙahoni na majigin yara na Japan da aka juya zuwa Larabci, wanda muka kalla muna samari in mun shiga Gadarif. Kusa da shi kuma ga tarin ƙananan littattafan Malaf al-Mustaƙbal na marubucin Masar Nabil Faruƙ, wanda ya fara fitar da su a 1984, ya rasu a 2020. Na ce wa yarinyar na karanta fiye da ashirin daga cikinsu, muna aron su hannu zuwa hannu har bango ya yage. Ta tsaya tana kallona kamar yau ta fara ganina. Daga nan bakinta ya buɗe, ta riƙa jana daga rumfa zuwa rumfa tana yi mini bayani, rabi Larabci rabi Hausar da ban san tana da ita ba.

A hanyarmu ta komawa gida ta yi mini tambayar da ta sa na rubuta wannan maƙala. Ta ce, "Baffa, mu ba mu da irin wannan ne? Duk jaruman na Amurka ne da Japan." A lokacin ban ba ta amsa mai gamsarwa ba. Sai da na dawo na yi tambaya na kuma karanta, kuma ga abin da na samo, domin amfanin duk uban da za a yi wa irin wannan tambaya.

Shi wannan taro ba sabon abu ba ne a duniya. An yi babban taron duniya na farko na masoya irin waɗannan labarai a birnin New York a 1939, kuma a wurinsa ake ba da kyautar Hugo tun 1953. A 2016 wata marubuciya 'yar asalin Nijeriya, Nnedi Okorafor, ta ci wannan kyauta da littafinta Binti. Kafin nan, a 2010, ta fitar da Who Fears Death, wanda ta gina labarinsa a kan ƙasar Sudan ta wani zamani mai zuwa. A Legas ana yin nasu taron tun 2012, kuma a 2017 aka fara ba da kyautar Nommo ga marubutan Afirka na wannan fanni a garin Abeokuta.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne Hausa ma ba a bar ta a baya ba. Tun a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata, aka buga littafin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a Zariya, labarin wani yaro mai suna Kilba da wani baƙo daga sama ya ɗauka ya zaga da shi sararin samaniya. Ashe Bahaushe ya hau jirgin sama jannati a kan takarda shekara 8 kafin a fitar da Star Wars a 1977. Da na sami littafin na aika wa yarinyar, shi ne littafin Hausa na farko da ta karanta daga farko har ƙarshe, tana bugo mini waya tana tambayar ma'anar kalmomi.

Kuma mu mutanen Galabat mun fi kowa cancantar mu fahimci irin waɗannan labarai. Takari, mahajjata daga yammacin Afirka, su ne suka kafa garin nan tun ƙarni na 18. Kakanninmu sun baro Kano da Sakkwato da Katsina a ƙafa, suka yi shekaru a hanya, suka ratsa ƙasashen da ba su san harshensu ba, suna neman wurin da ba su taɓa gani ba sai a labari. Wane labarin tafiya sararin sama ne ya fi wannan? Amma yaranmu nawa ne suka taɓa jin sa daga bakinmu?

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, mun ga dubban mutane sun bi ta garin nan sun tsallaka zuwa Matamma ta Habasha, wasunsu namu ne. Yau ɗan Galabat yana Alƙahira, yana Jidda, yana Adis Ababa, yana Kano. Yaran da za su tashi a waɗannan wurare za su sami jarumai ko mun so ko ba mu so ba. Abin da ya rage gare mu shi ne ko za mu kasance kusa da su lokacin da suke zaɓa.

Shawarata ga iyaye ita ce, in ɗanka ya nemi zuwa irin wannan taro, kada ka yi saurin hana shi, kada kuma ka sake shi shi kaɗai. Ka bi shi, ka duba abin da ake sayarwa, ka tambaye shi me ya burge shi, ka ba shi naka labarin a madadin nasa. In babu taro a inda kake, tabarma ɗaya ta isa. A tara yaran unguwa bayan sallar isha, tsohuwa ta yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a ba su takarda da fensir su zana yadda Galabat za ta kasance nan da shekara 100, su kuma yi bayaninsa da Hausa.

Yarinyar nan yanzu ta girma, tana zane da kwamfuta. Kwanan baya ta turo mini hoton wata jaruma da ta ƙirƙira, sanye da zane da ɗankwali, tana tuƙa jirgi tsakanin taurari, a ƙasa ta rubuta sunan jirgin da Hausa: Ayari. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya haɗa kan iyalanmu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.