Kiwon Tarwada a Zuru: Ƙidayar Baki da Awon Ruwa

Zuru ba garin masunta ba ce. Ƙasa ce ta duwatsu da dawa, ta Dakarkari manoma, ta bikin Uhola da 'yan golmo, kuma duk Najeriya ta san ta da haifar sojoji. In ana zancen kifi a Jihar Kebbi, Argungu ake fara tunawa da bikin kamun kifinta wanda ya samo asali a 1934, sai Yawuri da Sarkawanta a bakin Kogin Neja, inda ruwa ya yi faɗi tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968.

Amma yau in ka shiga wasu gidaje, bayan ɗakin girki ko gefen rijiya, za ka iske tankin bulo da siminti, ko na tamfol da aka ɗaura wa katako, ko farin tankin roba mai cin lita 1,000 da aka yanke wa kai, ruwan ciki ya yi baƙi da tarwaɗa. Masu su kala-kala ne: ɗan fansho da ya dawo gida, malamin makaranta, matar aure, matashin da ya fito daga makarantar aikin gona ta garin, wadda ta zama jami'ar tarayya a 2020. Rashin tsaron da ya addabi dazukan Danko-Wasagu da Sakaba ya ƙara wa duk sana'ar da ake yi a cikin gida daraja.

Tarwaɗa ce ta sa hakan ya yiwu. Allah Ya hore mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iska da ita kai tsaye, don haka tana jure cunkoso da ruwan da zai kashe karfasa cikin dare ɗaya. Wannan juriya ce ta sa Najeriya ta wuce kowace ƙasa a Afirka wajen kiwonta. Ita ce kuma take yaudarar sabon shiga, domin kifin da bai mutu ba sai a ɗauka lafiya yake.

Abin da mai sana'ar ke fara koya wa yaronsa shi ne halin dabbar. Tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta. Ka zuba 'ya'yan kifi 1,000 masu tsawon ɗan yatsa, duk haihuwar rana ɗaya, bayan mako biyu za ka ga wasu 'yan ƙalilan sun yi wa sauran fintinkau. Su ake kira shuta. Shuta ya riga kowa kai wa abinci, ya yi girma, bakinsa ya isa haɗiye na ƙasa da shi, daga nan ya daina damuwa da abincin buhu. Ba gawa a saman ruwa, ba jini, ba alamar komai. Sai ranar ƙidaya maigida ya iske ɗaruruwa sun ɓace, ya fara zargin yaran gida ko maƙwabta, alhali ɓarawon yana cikin tankin yana iyo.

Maganin abin warewa ce, kuma nan gwanintar take. Da sanyin safiya ake yi, kifin bai ci komai ba tun jiya, saboda mai cikakken ciki in ya sha damƙa amai yake yi ya ɓata ruwa. A rage ruwan tanki zuwa ƙasan gwiwa, a jera robobi uku da ruwa mai tsabta, a riƙa ɗebowa da koma kaɗan-kaɗan. Gwani ba ya awo da sikeli. Faɗin kai yake duba, domin kai ne ke nuna girman baki. Hannunsa a jiƙe, ya kama ta bayan kai yana kauce wa ƙayar da ke gefen kunne, wadda in ta soki mutum sai ya kwana yana jin zogi. Manya nan, matsakaita nan, ƙanana can. Wanda aka ga an gutsure masa wutsiya ko fatarsa ta saɓule a ware shi cikin ruwa mai ɗan gishiri, don 'yan'uwansa in sun ga rauni ba sa barinsa. Duk mako biyu ake maimaitawa a watannin farko. Saboda haka mai tanki ɗaya tak bai shirya ba. Ko ba komai yana bukatar inda zai kai shuta.

Yunwa ce ke rura wannan ta'adi, shi ya sa lissafin abinci yake zuwa kafin sayen kifi. Da abinci mai kyau, kilo ɗaya ko ɗan fiye da haka ne ke ba da kilo ɗaya na tsoka. Kifi 1,000 da ake so kowanne ya kai kilo a wata biyar zuwa shida za su ci abin da ya kai tan ɗaya, wato buhu wajen 70 masu kilo 15, daga ƙwayar milimita 2 har zuwa 6 da 9. Ko Coppens ne, ko Skretting, ko Blue Crown, ko Vital da ake yi a Jos, abinci ne ke lashe kashi 60 zuwa 70 na kuɗin da za a kashe. A ganina kuskuren da ya fi durƙusar da mutane shi ne arhar 'ya'yan kifi. Mutum ya ga kuɗinsa sun isa sayen 2,000, ya saya, a wata na uku aljihu ya ƙone, ya koma ba su abinci sau ɗaya a rana, su kuma su koma kan juna. Da 300 ya zuba ya ciyar da su har ƙarshe, da ya ga riba.

Ruwa shi ne ɗaya ma'aunin, kuma a Zuru ba abin wasa ba ne. Ƙarƙashin ƙasar dutse ne, rijiyoyi da yawa suna ja da baya a Maris da Afirilu, daidai lokacin da zafi ke sa kifi ci da yawa. Kowane kilo na abinci da aka watsa yana barin kimanin giram 30 na amoniya a ruwa, gubar da ke fita ta kunnuwan kifin da kashinsa, kuma zafi yana ƙara mata ƙarfi. Ruwa ba ya tsami banza. In ka ga kumfa ta taru a kusurwa, wari ya tashi, kifi sun tsaya a tsaye a saman ruwa gashin bakinsu ya yi fari ya lanƙwashe, to an wuce gona da iri. Masu taka-tsantsan ba sa wuce kifi 50 zuwa 100 a lita 1,000 in za a kai su kilo, kuma da sharaɗin canza wani kaso na ruwan kullum. Ruwan burtsatse a fara tara shi a tankin sama ya sha iska. Na famfo ya kwana don sinadarin kulorin ya fita. Sabon tankin siminti kuwa sai an jiƙa shi makonni ana zubarwa kafin kifi ya shiga.

Wanda ruwansa bai wadata ba shi ke haɗa matata ta duro uku, ya riƙa juya ruwa ɗaya. Duro na farko kashi ne ke kwantawa a gindinsa a buɗe famfo a zubar. Na biyu soso ne da tsohuwar raga masu tare sauran datti. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, cike yake da tsakuwa ko marufan kwalaben roba, inda wasu ƙwayoyin halitta ke zama suna mayar da amoniya naitirait, wasu kuma su mayar da shi naitiret mai sauƙin illa. Sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu, don haka ba a cika tanki da kifi ranar da aka haɗa matata. Ba a wanke wannan duro da sabulu. In injin da ke juya ruwan ya tsaya na sa'o'i da yawa ƙwayoyin suna mutuwa, shi ya sa masu hali suka koma sola. Ruwan da aka zubar kuma ba asara ba ne. Alayyafo da ayaba da zogale suna sonsa.

Ruwan gishiri ma yana da gurbi a sana'ar, a ɗakin ƙyanƙyasa. Bayan an yi wa macen allura an matse ƙwai, an yanka namijin an ɗebi maniyyinsa, ƙwan na ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya, kuma bayan kwana uku 'ya'yan suna neman abinci. Abincinsu na farko atemiya ce, ƙwan wani ɗan mitsitsin jatan lande da ake kwasowa daga tabkunan gishiri irin na Utah a Amurka. Wasu suna ba da wadda aka ɓare kai tsaye, wasu suna haɗa ruwa da gishiri giram 25 zuwa 30 a lita su hura masa iska har ta ƙyanƙyashe. Mai son koyon wannan fanni da kyau, cibiyar binciken kifi ta tarayya da ke New Bussa ba ta da nisa ainun.

Akwai kuma kiwon kifin ruwan gishiri don ado. Alhazan da suka leƙa gidan kifi na Fakieh a Jidda sun ga kifayen Bahar Maliya a cikin gilashi, kuma akwai masu kuɗi a Legas da Abuja da ke ajiye irinsu a falo. Cikin kifayen akwai mafaɗata, kamar kifin nan mai ƙayoyin dafi da suka bazu kamar gezar zaki, da mai haƙoran fasa kwanson kaguwa. Dokarsu ɗaya da ta mai tarwaɗa: a bar matata ta kafu, a zuba kaɗan, kada a haɗa wanda zai shiga bakin wani. Masu ajiye su sun ƙara da cewa mafi faɗa shi ake sakawa a ƙarshe, kafin ya mallake tankin, a kuma jera duwatsu yadda mai rauni zai samu maɓoya. Ruwan sai ya riƙe gishiri giram 35 a lita, in ya ƙafe a cike da ruwan daɗi domin gishiri ba ya bin tururi, ga injin da ke kwashe datti ta hanyar kumfa, ga na sanyaya ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. A garin da bazara ke kusantar 40, ba zan ba kowa shawarar wannan ba sai mai wutar da ba ta ɗaukewa. Mai sha'awar mafaɗacin kifi na ado ya nemi talibambam wurin masuntan Yawuri. Yana kai santimita 40, Turawa suna sayensa da tsada, kuma shi kaɗai ake ajiye shi don yana yanke duk abin da ya raɓe shi.

Ranar kwasa, 'yan sari suna zuwa da sikelinsu da robobi tun da asuba, kuma sun san mai kifi ba zai iya jira ba, tunda kowace rana buhu take ci. Masu wayo sukan yi ciniki da masu farfesu tun kifi yana wata huɗu, su sayar da manya ɗanyu, ƙananan kuma a lanƙwasa su a yi banda, wadda ke ajiyuwa makonni har farashi ya gyaru. Sannan a wanke tanki da gishiri, a bar rana ta dake shi kwanaki, a zauna a ƙirga buhunan da kuɗin da ke hannu za su saya kafin a kira mai 'ya'yan kifi.