Sunayen girgizar gubar rogo a Hausa

Garin rogon da ake sayarwa a Babbar Kasuwar Yamai, sai an gurza rogon, an matse, an soya, don a fitar da gubarsa, wato HCN. Molekil ɗin wannan guba atom uku ne a jere: idorojen, karbon, azot. Yana shan hasken infararuj a wurare uku, 3311, 2097 da 712 a ma'aunin cm⁻¹, kuma da su ake gane shi. Biyun farko daga miƙewar haɗin atom suke, na ukun daga lanƙwasawarsa. Don haka muna ganin kalmar «girgiza» kaɗai ba ta isa ba, ɗalibi zai ɗauka motsin iri ɗaya ne. Shawararmu ita ce a bambanta «girgizar miƙewa» da «girgizar lanƙwasa».